Gas ɗin na'urar sanyi ba ya ƙarewa, yoyo yake yi

Da zafi ya fara kamawa a nan Jidda, wajen watan Mayu, sai ka ga 'yan uwanmu masu tsofaffin motoci sun yi layi a sana'iyya, unguwar makanikai, kowa bakinsa ɗaya: "A ƙara mini firiyon," wato gas ɗin na'urar sanyin mota. A biya riyal, a sha sanyi na sati uku, a koma gidan jiya. Shekara biyu ina yin haka da tsohuwar Camry ɗina, kuma har yau abin yana ci mini rai, domin babu wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini gaskiya.

Gas ɗin nan ba fetur ba ne da ke ƙonewa. Zagayawa yake yi cikin rufaffen bututu: kwamfuresa ta matse shi, ya bi ta kwandensa da ke gaban lagireto ya zubar da zafinsa, sannan ya shiga abin da makanikai a nan ke kira tallaja, a bayan dashbod, ya sanyaya iskar. In ya ragu, ruwa ba ya tsami banza: wata roba ta bushe ko bututu ya tsage. A zuba masa launin gano yoyo, a haska, a toshe wurin tukuna.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne cikawa da ka. Wani makanike ya yi ta ɗura mini gas yana taɓa bututu da hannu, wai yana jin sanyi. Ashe ya wuce ƙima, matsin ya hau, kwamfuresa ta riƙa katsewa. Alhali a ƙarƙashin bonet akwai takarda da ta faɗi giram nawa motar ke ɗauka. Mai aikin kirki sai ya sa inji ya zuƙe iska da danshi, sannan ya cika da sikeli.

Ga wata alama da nake so ku lura da ita. In kana gudu a babbar hanyar Makka sanyi ya zo, amma da ka shiga cunkoso sai ya ɗauke, kada ka yi saurin zargin gas. Duba fanka, ka duba kwandensa. Ƙurar ƙasar nan tana toshe ramukanta, a wanke ta da ruwa a hankali kada a lanƙwasa mata haƙora. Matatar iskar ciki ma a canza ta.

Masu Cressida da sauran motocin farkon shekarun 1990, ku yi hattara: yawancinsu da tsohon gas mai suna R12 aka yi su, wanda aka daina bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987. Gas ɗin da ya maye gurbinsa, R134a, ba ya tafiya da tsohon man kwamfuresa, sai an canza mai da robobi.

Ina faɗin wannan ne saboda zafin nan ba wasa ba ne. A aikin Hajjin 2024 ma'auni ya kai digiri 51.8 a Makka, mu kuma a kujerar baya muke ɗaukar iyayenmu da yara. Ni da aka duba tawa, roba ɗaya ce ta bushe, fanka kuma ta gaji. Yanzu in na shiga sai in sauke gilasai zafin ya fice, sannan in danna maɓallin juya iskar ciki. Bana ko giram ɗaya ban ƙara ba, kuma ga mu a Agusta.