Kowa ya riƙe sitiyari sai ya ce shi gwani ne

Har yanzu raina bai gama hucewa ba, kuma ba na so ya huce kafin in amayar da abin da ke cikina.

Shekaranjiya da safe ina kan hanyar zuwa wurin aiki, na iso inda aka ja farin zane a kwalta domin masu tsallaka titi. Wata dattijuwa na tsaye a gefe riƙe da hannun wata yarinya 'yar makaranta da ba za ta wuce shekara shida ba, jakar bayanta ta kusa rinjayarta. Da gani ka san sun daɗe a wurin, don sai tsohuwar ta sa ƙafa ta janye, ta sake sawa ta janye. Na rage gudu na tsaya, na yi mata alama da hannu su wuce. Ko taku uku ba su yi ba na bayana ya danne hon kamar zai fasa mini dodon kunne. Kafin in kai idona ga madubi ya fizgo motarsa ya fito ta gefena zai wuce. Motata ta kare masa su, bai ga kowa ba, bai kuma tambayi kansa abin da ya tsayar da mota a tsakiyar titi ba. Ƙarar birki kawai na ji, sai ƙaurin taya. Tsohuwar ta finciko yarinyar da wani ƙarfi da ban zaci tana da shi ba, suka zube tare, takalmin yarinyar ƙafa ɗaya ya shige ƙarƙashin motarsa. Tsakanin gaban motar da kan yarinyar bai kai kamu biyu ba.

Na fito jikina na ɓari. Na ce, "Sannu Inna, kin ji ciwo?" Ta ce, "Ɗan nan ƙyale ni, duba mini ita." Gwiwar yarinyar ta kuje, ko kuka ta kasa yi, idanu kawai ta zaro. Shi kuwa mutumin ko ƙofa bai buɗe ba. Gilashi ya sauke, wayarsa na kan cinya tana haske, ya ce da ni, "Malam, ai kai ne ka tsaya mana a hanya babu dalili. Shekarata ashirin ina tuƙi ko kaza ban taɓa kaɗewa ba. Ba ka ga yadda na kama birki ba?"

Wannan magana ta ƙarshe ita ta hana ni barci. Mutum ya kusa raba yarinya da duniya a kan zanen da aka ja dominta, amma abin da ya gani a cikin lamarin gwanintarsa ce. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Zauna da masu mota goma, kowanne zai ba ka labarin haukan da ake yi a titi, ba za ka ji ko ɗaya ya ce shi ne ya yi ba. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Tun a 1981 wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Suwidin, Ola Svenson, ya tambayi wasu ɗalibai masu tuƙi a Amurka da Suwidin yadda suke ganin iyawarsu idan an gwada su da sauran. Kashi 93 cikin ɗari na Amurkawan da kashi 69 na 'yan Suwidin suka sa kansu a cikin rabin da ya fi iyawa. Rabi kuwa rabi ne, ba ya ɗaukar kusan kowa. Wato da yawa daga cikin waɗanda ke bugun ƙirji a bayan sitiyari ƙarya suke yi wa kansu, kuma da wannan ƙarya suke fitowa titi kullum su haɗa mu da ita.

Matsalar tana ga abin da muke kira iya tuƙi. A wurin mutane da yawa, gwani shi ne mai canza giya ba a ji ba, mai kutsa mota ta tsakanin motoci biyu da saura ƙiris a goga, mai juya sitiyari da hannu ɗaya yana amsa waya da ɗayan, mai yin tafiyar awa uku a awa biyu ya sauka yana faɗa wa mutane. Tayar da mota da tafiyar da ita abu ne da yaro ɗan shekara goma sha biyar zai koya a fili cikin mako guda. Abin da ake shekaru ana koyo shi ne karanta hanya: ka hangi ƙwallo ta gangaro titi ka san akwai yaro a bayanta, ka ga motar haya ta tsaya ka san wani zai ɓullo ta gabanta, ka ga na gabanka ya taka birki ba ka ga dalili ba ka ɗauka cewa ya ga abin da kai ba ka gani ba. Wannan na ƙarshe ma rubutacciyar doka ce. Yarjejeniyar zirga-zirgar ababen hawa ta ƙasa da ƙasa da aka ƙulla a Biyana, babban birnin ƙasar Ostiriya, a 1968 ta hana a wuce motar da ta tsaya a gaban wurin tsallakawa, sai da tafiyar da za a iya tsayawa nan take idan akwai mutum a kai. Mai shekara ashirin a kan titi bai san wannan ba, ko ya sani bai damu ba, ban san wanne ya fi muni ba.

A zo ga sigina. Ɗan ƙarfen nan yana dab da yatsanka, ba ya shan mai, ba ya gajiyar da kowa, amma sai ka ga mutum ya karya kwana kwatsam kamar hanyar tasa ce shi kaɗai. Wani sai ya riga ya shiga kwanar sannan ya kunna. Wani ya kunna ta hagu ya yi dama. Wani ya bar ta tana ƙyaftawa har kilomita biyar, ka rasa gaskata shi za ka yi ko a'a. Sigina magana ce tsakaninka da mutanen da ba su da wata hanyar sanin abin da ke zuciyarka. Mai babur ɗin da ke gefenka da ita yake yanke shawarar ya wuce ko ya dakata, kuma idan ya yi kuskure saboda shirunka, kai fenti za ka rasa, shi ƙafa.

Sai masu manne wa bayan mota. Kana tafiya daidai ƙa'ida, ka duba madubi ka ga mutum ya cika shi, har fitilunsa ba ka gani don kusanci. Me yake so ka yi, ka tashi sama? A gudun kilomita 90 cikin awa, mota na cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da ido ya ga haɗari zuwa lokacin da ƙafa ta sauka a kan birki, daƙiƙa guda ta wuce ko fiye, a mutum mai lafiya wanda hankalinsa ke kan hanya ke nan. Wanda ya bar mita biyar tsakaninsa da kai, idan ka taka birki kwatsam, zai iya shiga bayan motarka tun birkinsa bai kama ba. Shi ya sa ake koyar da barin tazarar aƙalla daƙiƙa biyu, a ninka ta idan ana ruwa. Amma gwada barin tazarar ka gani, nan take wani zai cusa hancin motarsa a ciki, yana ganin ya yi dabara.

Gudun nan da ake taƙama da shi kuma, me yake sayo wa mutum? Tafiyar kilomita 10 a gudun 60 minti goma ce. A gudun 80 minti bakwai da rabi. Minti biyu da rabi ke nan, wanda danja ɗaya za ta cinye, har wanda ka wuce da fushi ya zo ya tsaya kusa da kai. Abin da ka biya kuwa ba kaɗan ba ne, domin idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ninkawa huɗu yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara yiwuwar haɗari mai kisa da kashi 4, kuma mai tafiya a ƙasa da mota ta kaɗe a gudun 65 ya fi wanda aka kaɗe a gudun 50 yiwuwar mutuwa ninki huɗu da rabi. Kilomita 15 kacal, abin da direba ko a jikinsa ba ya ji.

Wayar da na gani a kan cinyar mutumin nan ita ce ta fi ƙona mini rai. Kalli direbobi a cunkoso ko a kan babbar hanya, ƙirga kawunan da ke sunkuye. Daƙiƙa biyar na karanta saƙo a gudun 90 mita 125 ne, ya fi tsawon filin ƙwallo, ka yi shi ido rufe da ƙarfe mai nauyin fiye da tan guda. Hukumar ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi yiwuwar yin haɗari kusan ninki huɗu, kuma sa abin kunne bai rage wani abin kirki ba, don hankali ne ya tafi. Wane saƙo ne wannan da ba zai jira ka faka ba?

Da dare kuma sai a dalle maka ido da babbar fitila, ka yi ta roƙo da taka a rage, a ƙi. A 'yan daƙiƙun nan ba ka ganin komai, ga mai keke a gefe ba fitila, ga mai tafiya da baƙaƙen kaya. Masu aron hannu su ma ga su nan, da masu tsallake danja don babu jami'i a wurin, da masu bin bayan motar asibiti don su sami hanya, da mai buɗe ƙofa ba duba madubi ya kwashe mai babur.

Ba na wanke kowa. Mai babur da ke shiga gefen tirela lokacin da za ta sha kwana ya sani cewa akwai wuraren da direbanta ba ya gani ko kaɗan, idan ba ka hango fuskarsa a madubinsa ba shi ma bai gan ka ba. Hular kwano da aka rataye a hannun babur ba ta kare kan kowa. Mai tafiya a ƙasa da ke faɗowa titi da waya a kunne shi ma yana da nasa. Ni kaina tun shekaranjiya nake tunanin hannun da na ɗaga wa tsohuwar nan, don ta yarda da ni ta taho, alhali ban tabbatar da ɗaya layin ba. Ba zan sake kiran kowa ya tsallaka ba sai na duba bayana da gefena. Amma nauyi ba ɗaya ba ne. Wanda ke zaune cikin ƙarfe, da bel a ƙirji, shi ya fi kowa ikon kashewa, don haka shi ya fi kowa wajibcin haƙuri.

Kuma don Allah a daina rufe mana baki da cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Wanda ya fito da tayar da ta suɗe, ya ƙi ɗaura bel, ya ɗora jariri a kan cinya a gidan gaba, ya taka mota yana duba waya, ganganci ya yi, a kira shi da sunansa. Kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan titi duk shekara a duniya, a ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, sama da mutum 3,000 ke nan kowace rana. Fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Ba annoba ba ce da ake jiran a gano maganinta. Bel ɗin kujera irin na yanzu tun 1959 Nils Bohlin ya ƙirƙiro shi a kamfanin Volvo, yana rage yiwuwar mutuwar na cikin mota da kusan rabi, amma har yau sai an hango jami'i ake jawo shi a riƙe da hannu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin rage mace-macen titi da rabi daga 2021 zuwa 2030. Ta yaya za a kai, alhali masu ba da lasisi a wasu wurare ba sa zama kusa da mutum su ga tuƙinsa ko na minti goma, wanda ya koya a hannun mai mugun tuƙi kuma gobe shi zai koya wa ƙanensa? Duk jami'in da ya sa hannu a takardar wanda bai gwada ba, yana da kaso a duk abin da motar nan ta taka.

Ni na durƙusa na zaro takalmin yarinyar daga ƙarƙashin motarsa. Ban gama miƙewa ba ya ja mota ya tafi, ko sannu bai ce musu ba. Na sa mata takalmin, na riƙe hannunta na tsallakar da su, tsohuwar tana ta sa mini albarka muryarta na rawa. Yau da safe na sake ganinsu a wurin, an ɗaure gwiwar yarinyar da bandeji. Tun daga nesa nake ƙirga motocin da ke gabana, guda goma sha ɗaya suka bi ta kan farin zanen nan babu wadda ta rage gudu. Da na tsaya, tsohuwar ta dube ni, ta dubi layin da ke gefena, ta ƙi sa ƙafa.