Ranar da jaz ya kashe mana wuta a ofis

Ofishinmu a Kaduna ɗaki ɗaya ne dogo: tebur tara, fanka uku, da esi guda da ya fi ƙwarewa a ƙara a kan sanyi. Ni ke haɗa takardar albashi. Duk wanda ya taɓa zama gaban jadawalin Excel mai layi ɗari uku ya san ba a yin aikin nan da waƙa mai baiti, don da mawaƙi ya ambaci wani Alhaji sai ka tsinci hannunka ya rubuta sunan a gurbin alawus. Shi ya sa nake jin jaz. Wanda nake ji kiɗa ne zalla, ba ya kiran sunan kowa.

Kunne ɗaya nake sa wa iyafis, na hagu, saboda Yallaɓai ba ya kira sau biyu. Wannan ma da tasa illar. Faya-fayan da aka ɗauka wajen 1959, lokacin sitiriyo na sabon yayi, an raba makaɗan kamar rabon gado, wasu a kunnen hagu, wasu a dama. Wata biyu na yi ina jin rabin ƙungiya, ina yaba wa wani mai ganga bisa haƙurinsa da kawaicinsa, ashe bawan Allah yana can cikin aljihuna yana ta dukan fata shi kaɗai. Maganin abin ba wuya: ka shiga saitin waya, ɓangaren masu buƙata ta musamman, ka kunna mono, sai a tattaro maka kowa a kunne guda. Wannan na gyara. Abin da ban gyara ba shi ne Bluetooth.

Ran Litinin mun yi mitin da hedikwata ta Zoom, muryar laftof ba ta kai ƙarshen tebur, sai na haɗa wayata da lasifikar ofis, wata baƙa mai girman burodin yanka, mai batirinta a ciki. Aka tashi mitin, aka kashe ta, na manta. Shi kuwa Bluetooth ba ya mantuwa. Duk na'urar da ka taɓa haɗa shi da ita, da ta buɗe ido cikin tazarar mita goma ko kusa da haka, zai je ya gaishe ta ba tare da ya shawarce ka ba.

Ran Alhamis, 27 ga wata, ɗan bautar ƙasarmu ya ɗauki lasifikar ya sa ta caji. Soket ɗaya ne ya rage babu kowa a kai, a bayan kabad ɗin ƙarfe na fayil-fayil, don haka can ya cusa ta. Ya danna makunni don ya ga ko tana shan cajin, ya ga fitila, ya fita sayo waina. Daidai lokacin batirin iyafis ɗina ya ƙare. A jikin kwali an rubuta awa huɗu, amma ni da shi mun san awa biyu da rabi ce. Kiɗa ya tsaya, na zaci data ce ta yi halinta, na sake dannawa.

Sai na ji sauti can ƙasa-ƙasa. Kiɗan ya fara ne da babban gogen nan mai tsayin mutum, wanda ake tsinkar tsirkiyarsa da yatsa, shi kuwa dama ba ya ɗaga murya. A nan tarko na biyu yake. Waƙoƙin zamani ana daidaita ƙarfinsu ne daga farko har ƙarshe, amma a faifan jaz tsakanin wurin da ake raɗa da wurin da ake ihu akwai tafiya mai nisa. Na danna ƙarin murya har mataki na goma sha biyar, wanda babu wani bayansa. Ban kuma lura jerin ya wuce masu taushin da na zaɓa da safe ba, ya gangara kan John Coltrane na 1966, shekara guda kafin rasuwarsa. A wannan zamanin nasa mutumin yakan matse bakin saksafon ya tura iska fiye da ƙima har sautin ya tsage, murya biyu su fito lokaci guda, ɗaya tana gurnani ɗaya tana ƙara. Masoya jaz ma ba duka ke iya zama su ji shi ba.

Da busar ta shigo, kabad ɗin ƙarfe ya kama rawa yana amsa mata. Ni kuwa sai na lumshe ido. Abin da na ce a raina, wallahi, shi ne: yau iyafis na dubu huɗu da ɗari biyar ya tuna asalinsa, har a kunnen dama nake jin sa.

Abin da ya faru cikin minti huɗun da idona ke rufe, daga baya aka ba ni labari, kuma kowa da ruwayarsa. Malam Sani masinja ya rantse bel ɗin janareta ne zai tsinke, ya ruga ya ja hannun makunnin da ke sauya wuta. Fanka ta tsaya, esi ya yi shiru, kwamfuta tara suka mutu tare, don batirin yufiyes ɗinmu, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, tun bara ya riga mu gidan gaskiya. Ofis ya yi tsit, ban da abu guda. Lasifika mai batirinta ba ruwanta da janareta.

To, a nan hankalin jama'a ya tashi. An kashe wutar gini gaba ɗaya, abu bai fasa kuka ba. Hajiya Rabi akanta ta ɗauki jaka a hannu ɗaya, takalma a ɗaya, tana jan a'uziyya. Sunday na sashen kaya ya haye kujera, ban san me ya zaci zai fito ta ƙasa ba. Baba maigadi ya shigo da gorarsa yana cewa a ba shi hanya, akuya ce ta maƙale a bayan kabad, ya san kukan.

Zafi ne ya sa na buɗe ido. Allon kwamfutata baƙi ƙirin, mutum takwas da maigadi sun zuba mini ido, don duk ɗakin ni kaɗai ne ke murmushi ina kaɗa kai daidai da abin. Na zare iyafis. Ƙarar ba ta ragu ba. Na duba iyafis, na duba kabad, na taɓa fuskar waya da yatsa ɗaya, sai ɗif.

Hajiya ta sauke takalmi ɗaya. “Malam Habibu, don girman Allah mene ne wannan?”

Na ce, “Jaz ne, Hajiya.”

Sunday ya sauko daga kujera a hankali, ya ja da baya har ya jingina da bango. Sai a lokacin na tuna cewa a Turancin buroka na Najeriya, in an ce mutum yana jaz, ba saksafon ake nufi ba. Asiri ake nufi, irin wanda ake binnewa a bakin ƙofa. Ga shi watan jiya muka rubuta jarrabawar ƙarin girma, kowa na jiran jerin sunaye. Kafin azahar labari ya sauka har hawa na ƙasa: mai albashi yana da wani abu a bayan kabad, ba ya aiki da wuta, da waya yake ba shi umarni, kuma da bakinsa ya amsa.

Bayan salla Yallaɓai ya kira ni, da Hajiya da Sunday da Malam Sani da Baba a matsayin shaidu, lasifika a kan tebur kamar kayan sata a gaban alƙali. Na fara bayani cewa kiɗa ne na baƙaƙen fatar Amurka, ya taso a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20. Na ga bayanin bai shiga ba, sai na nemo hoton Louis Armstrong, mai busa ƙaho, tare da Sardauna a nan Kaduna a 1960, na miƙa masa. Yallaɓai ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo.

“Irin wannan da muka ji yau aka busa wa Sardauna?”

“A'a, ranka ya daɗe, nasa mai taushi ne.”

“Na dai ce. Sa mana mai taushin.”

Na sa wani mai sanyi, murya a mataki na shida. Mai ganga yana shafa fata da burushin waya maimakon sanda, shuu, shuu. Malam Sani ya leƙa waje ya ga wa ke shara da tsakar rana. Hajiya ta ce ba shara ba ce, ƙosai ake soyawa, kuma man ya yi zafi da yawa. Mai ƙaho ya shigo da murfin nan da ake toshe bakin ƙaho da shi don sautin ya sirance, Yallaɓai ya kai wa kunnensa mari yana neman sauro. Da aka yi minti biyu ya dubi agogo.

“Yaushe za su fara?”

“Ai sun yi nisa, ranka ya daɗe.”

“To wa suke wa?”

Wannan tambayar ta fi ta asiri wuya. Na ce ba kowa. Ya ce to wa zai biya su? Na kauce na koma kan tsari, don nan na fi ƙarfi. Da farko duk su busa karin tare, shi ne kamar amshi, galibi awo 32 (awo shi ne rukunin bugun da ake ƙirga kiɗa da shi), ko 12 in salon da ake kira blues ne. Daga nan a riƙa zagaya wannan ma'aunin, mai fiyano da mai babban goge suna riƙe da hanya, kowane mai busa ya karɓa ya ƙirƙiro nasa nan take, zagaye biyu ko uku ko yadda Allah ya hore masa. Wani lokaci su riƙa musayar awo huɗu-huɗu da mai ganga. A ƙarshe su dawo kan karin farko su rufe. Hajiya ta ce ashe mitin ɗin ma'aikata ne: kowa ya tashi ya faɗi abin da ya ga dama, a gama a koma kan abin da shugaba ya faɗa tun farko. Yallaɓai ya yi kamar bai ji ba.

Kuskurena na ƙarshe shi ne na sa musu wani sanannen kiɗan jaz mai suna Take Five, don in nuna abin akwai lissafi a ciki. Bugunsa biyar ne a kowane awo maimakon huɗun da ƙafa ta saba, ana ƙirga shi ɗaya-biyu-uku, ɗaya-biyu. Sunday ya gwada takawa, duk zagaye sai ƙafarsa ɗaya ta rage a sama ba ta san inda za ta sauka ba. Ya zauna ya ce shi dai bai taɓa ganin kiɗan da ke ɗaure ƙafar mutum ba, a rubuta wannan ma.

Duk wannan Baba bai ce uffan ba. Sai ya jingine gora ya ce, “Ɗana, mayar mini da na farkon, na akuyar.” Na mayar, a mataki na huɗu. Ya karkata kai ya saurara har minti guda, leɓensa na motsi. Ashe gidansu gidan masu algaita ne a ƙasar Zazzau, shekara shida muna gaisawa a bakin get ban sani ba.

“Yaron nan ya iya,” in ji shi. “Yana da huhu, kuma yatsunsa ba sa ƙarya. Amma ji nan. Ka ji? Ya tsaya shan iska. Mu in sarki na kan doki ka yanke busa don ka numfasa, ka gama aiki a gidan.”

Ya zare bututun biron Malam Sani, ya tsoma a kofin ruwan Yallaɓai, ya fara hurawa. Kumatunsa suka cika tim kamar ya ɓoye lemo biyu. Kumfa na tashi, muna jin yana shaƙar iska ta hanci, kumfar ba ta yanke ba. Dabarar ita ce ka tara iska a kumatu, ka matse ta da naman kumatun tana fita, a daidai lokacin ka ja sabuwa ta hanci zuwa huhu. Hajiya ta duba agogo, minti biyu da wani abu, tsoho bai ko yi ja ba. Na ce masa ai akwai masu saksafon da ke yin wannan, kuma wani babba a cikin masu jaz, Yusef Lateef, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana nazarin kiɗan ƙasar nan. Baba ya zare bututun ya share baki. “Ka gani, sun san inda ake koyo. Shi wannan illarsa ɗaya, ba shi da ubangida. Mai busa in ba shi da wanda zai yi wa kirari, dole ya yi ta kuka haka.”

Yallaɓai ya ture kofin gefe ya yanke hukunci. Babu takardar tuhuma, amma duk aikin da wuta ta cinye a wuyana yake. Nawa da sauƙi, Excel yana adana kwafin ceto duk minti goma, layi bakwai kawai na rasa. Tsohuwar manhajar Hajiya kuwa ba ta san wannan ladabin ba. Bauca 43 na sake shigar mata ɗaya bayan ɗaya, tana zaune a gefe tana karanto mini lamba, lokaci-lokaci ta ce, “A sa maka ƙosan ne, ko za ka iya haka?” Sai bayan isha'i muka rufe ofis. Kafin in fita na shiga jerin na'urorin Bluetooth, ban tsaya a cire haɗi ba, don wannan gobe ma zai koma. Na danna a manta da lasifikar ɗungurungum.

Mako uku bayan nan jerin ƙarin girma ya fito, sunana na biyu. An yi ta yi mini murna, wasu daga ɗan nesa. Da yamma ina ƙoƙarin tayar da babur sai ga Sunday, ya waiga hagu, ya waiga dama, ya miƙo wayarsa a buɗe.

“Oga Habibu, tura mini abin nan.”

Na ce wanne, mai taushin?

Ya matso ya rage murya. “A'a. Na bayan kabad.”