Gonar Kaka Ba Ta Ƙaru Ba

Duk lokacin da aka tayar da zancen yawan jama'a da tsadar hatsi, sai wani ya yi wuf ya ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Gaskiya ne, ni ma na yi imani da haka. Amma 'yan'uwa, wanda ya tsaga bakin shi ya ba mu hankali, bai kuma ce mu naɗe hannu ba.

A ƙidayar 1963 Najeriya ba ta kai mutum miliyan 56 ba. A ta 2006 an samu sama da miliyan 140, jihar Gombe kaɗai tana da fiye da miliyan 2. Tun daga nan ba a sake ƙirga mu ba, ta 2023 ma ɗage ta aka yi. Yau mun haura miliyan 200, ƙasar Dukku da Nafada kuwa ko taku ɗaya ba ta ƙara ba.

Ku dubi rabon gado. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, 'ya'ya sun raba, jikoki sun sake rabawa, kowa ya tashi da 'yan kunyoyi. Da can manomi kan bar wani ɓangare saura, ƙasa ta huta shekara biyu ko uku. Wa ke da wannan sararin yanzu? Bana masara, baɗi masara, har ƙasa ta gaji, ba ta ba da komai sai an zuba mata takin zamani, shi kuma buhunsa ya fi ƙarfin talaka. Wanda gonarsa ta yi masa kaɗan sai ya ci burtali, makiyayi ya rasa inda zai bi da shanu, a wayi gari ana gaban mai gari. Wani ya faɗa daji saran itace yana ƙona gawayi. Damina ta zo, ruwa ya kwashe ƙasar da babu saiwar da za ta riƙe ta. Kwaruruka da ke cin gidaje a cikin garin Gombe ba daga sama suka faɗo ba.

Ba zan ƙayyade wa kowa yawan 'ya'yansa ba, wannan tsakaninsa da iyalinsa ne. Abin da ke ci mini rai shi ne ruwa. Madatsar Daɗin Kowa tana kan kogin Gongola tun shekarun 1980, ga ta Balanga, amma yawancin manomanmu wata huɗu suke aiki, sauran shekara suna zaune, matasa kuma sun tafi cirani. Ta Kafin Zaki a Bauchi kuwa, tun muna yara ake alkawarinta.

Tunda gona ba za ta faɗaɗa ba, sai dai a noma ta sau biyu a shekara. Masu neman ƙuri'a sun kusa dawowa da mudun shinkafa da taliya. Ni dai wanda ya zo ƙofar gidana zan tambaye shi kadada nawa ya kai wa ruwan noman rani, a wane ƙauye, don in je in gani da idona.