Ƙofa biyu, kowacce da halinta

Gidan da nake haya a Yaba sai ka wuce ƙofa biyu kafin ka ga gadonka, kuma dukansu da waya ake buɗe su. Ta ƙasa mai maganaɗisu ce, wutar lantarki mai volt 12 ke riƙe ta da ƙarfin kilo 280. Wuta na yankewa take saki, don kada gobara ta rutsa da mutane a ciki. Ta ɗakina kuwa batir AA huɗu take ci, in suka mutu sai ta kafe a kulle.

Daren nan na dawo daga Ikeja, gosulo ya sha ni, wayata saura kashi 3. NEPA sun ɗauke wuta, batirin ajiyar ƙofar ƙasa kuma zafi ya daɗe da gamawa da shi. Na tarar da ita a hangame, har wani mai tallan burodin Agege ya shigo yana fakewa ruwa a matakala. Duk Legas na iya shiga gidan, ban da ni mai biyan haya.

Na kara waya a jikin makulli, shiru. Ashe mai kula da gidan batir mai arha ya zuba masa maimakon batirin alkalin mai ƙarko, danshin Legas ya sa ɗaya ya tsiyaye, ya cinye ƙarfen da yake taɓawa. Mukullin ko-ta-kwana? Yana kan firij, a ciki.

Baba mai gadi ya hau da tocila. "Yallaɓai, ka yi mata sallama kuwa?"

A ƙasan makullin akwai wata 'yar kafar caji, an yi ta ne don rana irin wannan. Baba ya aro fawa banki wajen mai shayi. Kafar ƙofa irin ta tsofaffin wayoyi ce, tawa kuma Type-C, don haka sai da mai burodi ya ba da tasa igiyar. Na durƙusa na jona, makulli ya yi ƙyif ya farka. Na danna lambobin da nake da su na wucin gadi, ya ƙi. Agogon cikinsa ya koma baya da batir ya mutu, lambar kuma da lokaci take aiki. Gyaransa sai da Bluetooth daga manhaja, a daidai lokacin wayar ta ce ga garinku.

Fawa bankin kafa ɗaya gare shi. In na ba waya, ƙofa ta suma. In na ba ƙofa, waya ta suma, kamar mai mata biyu da kaza ɗaya. Muka zauna a matakala har waya ta kai kashi 10, na mayar wa ƙofa, na daidaita agogo, ƙarfe ya ja baya.

Mai burodi ya ce hayar igiya ba kuɗi, amma sai na sayi burodi biyu.