Harafi ɗaya da kuɗin wata guda

Kawuna yana da shago a Kantin Kwari, atamfa da shadda yake sayarwa, ni kuma na rubuta masa 'yar manhajar da ke riƙe lissafin masu bashi. Ni da babban ɗansa muke aikin, komai muna ajiye shi a Git, wata manhajar adana tarihin canje-canjen aiki wadda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005. Halinta ɗaya, ba ta mantuwa. Duk canjin da aka shigar sai ta rubuta wanda ya yi shi, da ranar, da saƙon da ya bari.

Wata Asabar bayan azahar kasuwa ta ɗan lafa, sai Kawu ya leƙo ta kafaɗata.

"Kai, wannan baƙin allon da kake ta ƙwanƙwasa, kar fa ka goge min sunayen masu bashi. Akwai na Alhazawan Agadas a ciki."

Na ce Kawu kwantar da hankalinka, akwai abin da ake kira --dry-run. Idan ka liƙa shi a jikin umarni, Git za ta faɗa maka abin da za ta yi, amma ba za ta taɓa komai ba. Kamar tela ne ya zana alli a kan yadi kafin ya ɗauko almakashi. A taƙaice ma -n kawai ake rubutawa.

Na buga git clean -n, ta jero fayilolin da za ta share da an sakar mata mara, ba ta share ko ɗaya ba. Wannan gwajin kam yana da rana, domin abin da git clean -f ta share ba ya zuwa kwandon shara, ya tafi ke nan. Na buga git push -n, ta nuna abin da za ta tura, ba ta tura ba. Kawu ya gyaɗa kai ya ce, "Boko da daɗi," ya koma wajen wata Hajiya da ke taya leshi.

A nan ne Shaiɗan ya zauna kusa da ni. Tun safe ko shayi ba a saya min ba. Na ce bari in huce a kan allo, tunda gwaji ne. Na buga git commit -n -a, wato umarnin shigar da canji, a wajen saƙo na rubuta: "Kawu ya fi kowa rowa a Kwari, ko ruwan leda sai ya shiga littafi." Na yi dariyata ni kaɗai, na rufe kwamfuta, na hau adaidaita zuwa gida.

Ashe su masu Git ba su yi wa harafin nan tarbiyya ɗaya ba. A wajen clean da push da add, -n gwaji ne. A wajen commit kuwa ma'anarsa --no-verify, wato a shigar da canjin a tsallake binciken da aka saba yi kafin shigarwa. Ni da na nemi a yi wasa, sai aka yi min da gaske, har da buɗe min ƙofar baya. Wanda ya tsara wannan, Allah ya isa ban ce ba, amma na kusa.

Ran Litinin na gyara wani lissafi na tura GitHub, shafin intanet ɗin da muke haɗa aikinmu, saƙon rowa ya bi ayari. Ɗan Kawu ya jawo aikin a kwamfutarsa, ya buɗe git log, wato jerin canje-canjen da saƙonninsu, kuma da yake yaro ne mai biyayya, ya karanta wa mahaifinsa da ƙarfi a gaban yaran shago. Ga sunana, ga rana, ga ƙarfe nawa. Na ce zan goge. Ya ce, "Yaya, ko ka goge na can, nawa yana nan."

Kawu bai ce uffan ba har ƙarshen wata. Ranar biya ya kira ni, ya zaro damin 'yan dubu-dubu, ya lasa yatsa ya ƙirga kuɗina tsaf a gabana, ya ce in duba ko sun cika. Na ce sun cika, Kawu, Allah ya ƙara buɗi, na miƙa hannu biyu.

Ya ninke su ya mayar aljihu.

"Ka ga abin da zan ba ka ke nan da a ce zan bayar. Wannan na gwaji ne."