Kafin ku ɗauko wa Baba malamin Turanci

'Yan uwana matasan Jos, wannan abu da muka fara na ɗaukar wa iyayenmu malamin Turanci a gida abin alheri ne. Hajiya tana so ta karanta saƙon banki da kanta ba sai ta miƙa wa jika waya ba. Baba yana so ya gane abin da aka rubuta a kwalin magani in an dawo daga asibitin koyarwa na Lamingo. Amma yadda muke mu'amala da malaman nan, wallahi akwai gyara.

Ga yadda muka saba. A kira wani ɗalibin Jami'ar Jos, ko mai NCE daga Pankshin ko Gindiri da ke zaman jiran aiki a unguwa, a ce masa, "Ka riƙa leƙowa kana taimaka wa Baba, ba za mu bar ka haka ba." Ba a yanke kuɗi ba, ba a sa rana ba. Shi kunya ta hana shi tambaya, mu kuma muka laɓe a bayan kunyarsa. Wata na farko a ba shi na sabulu. Na biyu a ce ya yi haƙuri, albashi bai shigo ba. Na uku ya ɗauke ƙafa, sai mu koma muna cewa yaran yanzu ba su da alkawari. Wa ya fara saɓawa?

Ku zauna ku yi lissafi. Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne. In aka raba shi a kan kwana 22 na aiki, awa takwas kullum, awa ɗaya tana kamawa wajen naira 400. Wannan fa shi ne ƙasan ƙasa, na wanda ba a nemi wata takarda a hannunsa ba. Malamin da zai shirya darasi a gida, ya taso, ya zauna da mutum ɗaya tak, dole ladansa ya ninka haka sau da yawa. Ku tambayi abin da masu koyar da yara a gida suke karɓa a unguwarku, kada ku yi ƙasa da shi don wai ɗalibin tsoho ne. Kuɗin mota kuma daban yake, ba cikin lada ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wanda zai taso daga Unguwar Rogo zuwa Bukuru ya koma ya san abin da yake kashewa. Ranar da malam ya zo ya tarar Baba ya tafi jana'iza ko ɗaurin aure ba a sanar da shi ba, a biya shi, ai ya zo. In ku biyar ne kuke haɗa kuɗin, mutum ɗaya ya riƙe, kada a riƙa yawo da bawan Allah tsakanin Yaya da Anti. Annabi (SAW) ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma duk mun san hadisin, aiki da shi ne ya gagare mu.

Wajen zaɓe, ba wanda ya fi kowa karya harshe ake nema ba. Ku zauna a darasin farko ku gani. In ya zaro littafin 'yan firamare mai hoton tuffa da ƙwallo, ku sallame shi cikin mutunci. Dattijon da ya sauke Alƙur'ani, yake rubuta ajami, ya riƙe shago a babbar kasuwar Taminus kafin gobarar 2002, ba yaro ba ne. Malamin kirki daga abin da ke aljihun Baba zai fara: rasit, katin asibiti, saƙon da ya shigo jiya. Zai durƙusa ya gaishe shi, ba zai gyara masa kuskure a gaban jikoki ba. Hajiya kuwa malama ta fi dacewa da ita, sai ta fi sakin jiki.

Ku ja wa iyayen kunne, lambar sirri ta katin banki ba ta cikin darasi, komai amincin malam. Awa ɗaya bayan La'asar, sau biyu ko uku a mako, ta isa. Kuma kafin a fara a kai su a duba ido, don sau da yawa abin da ake ɗauka nauyin kai ne, rashin tabarau ne kawai.