Kada ƙanƙantar ciwo ta ruɗe ku

Ƙannena sababbin ma'aikatan lafiya, akwai yaron da nake so ku riƙa jin tsoronsa: wanda ya ɗan ƙone shekaranjiya, ko ya sosa ƙurajen ƙarambau, yau aka kawo shi da zazzaɓi mai zafi, amai da gudawa, ido jajir, fata ta yi ja kamar an gasa shi. Kun duba ciwon kun ga bai kai ya kawo ba, sai ku ba da maganin zazzaɓi ku ce a dawo gobe. Wallahi goben tana iya yi masa nisa.

Wannan cuta, toksik shok, likita James Todd ne ya bayyana ta a 1978 a jikin yara bakwai a Amurka. Ƙwayoyin cutar da ake kira stafilokokus ko streptokokus suna zaune a ɗan gurbi, amma dafin da suke fitarwa yana tunzura garkuwar jiki gaba ɗaya. Jijiyoyin jini su saki, ruwa ya tsiyaye daga cikinsu, ƙoda da hanta su fara gazawa. Jiki ne ke cin kansa, shi ya sa girman ciwo ba ya nuna girman haɗari.

Inda muka fi yin sakaci shi ne jiran awon jini, wato BP, ya faɗi. Yaro kan riƙe awonsa har sai ƙarfinsa ya kusa ƙarewa. Ku ƙirga bugun zuciya da numfashi. Ku danna farce ku ga ko jini na jinkirin dawowa. Ku tambayi uwa yaushe ya yi fitsari, kuma in ta ce muku yaron nan ba haka yake ba, ku yarda da ita. Ta fi ku saninsa. Saɓar tafin hannu da ƙafa da kuka haddace don jarrabawa kuwa, sai bayan mako ɗaya ko biyu take zuwa.

Da zarar kun yi zargi, ku kira na gaba da ku, ba abin kunya ba ne. A ɗibi jini don gwaji, amma kada a jira sakamako. A sa ƙarin ruwa, a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, a haɗa da maganin kilindamaisin, domin shi ke dakatar da sarrafa dafin. A kwance bandeji a duba, a wanke ciwon, a fitar da mugunya. In jiki bai amsa ba, akan ƙara da imunoglobulin, wato sinadaran garkuwar jiki da ake sa wa ta jijiya, kuma gadon yaron na ɗakin kulawa ta musamman ne. Idan babu shi a inda kuke, ku fara neman motar da za ta kai shi tun ruwan farko na ɗiga.